An Biya Kuɗin Fansa, Saura Fanso Zuciya

Duk wanda ya yi aiki a ƙaramin asibiti a ƙasar Ketare, ko a ƙauyukan Faskari da Sabuwa, ya san wani irin majinyaci da ya yawaita a shekarun nan. Zai shigo ya ce kansa na sara, ƙirjinsa ya yi nauyi, barci ya ƙaurace masa, abinci kuma ba ya masa ɗanɗano. Ka gwada zazzaɓin cizon sauro, babu. Ka auna jini, wata rana ya ɗan hau, wata rana lafiya lau. Ka ba shi farasitamol da maganin ƙarin jini ya tafi, bayan mako biyu ya dawo da kukan da ya zo da shi. Ni malamin asibiti ne, ba likitan ƙwaƙwalwa ba, amma na lura idan na ajiye biro na tambayi irin wannan mutum me yake yi kafin ciwon ya fara, amsar kusan iri ɗaya ce. Da yana da gona, ko shanu, ko shago, ko gida cike da mutanen da ke ci daga hannunsa. Yanzu babu.

Duniya ta ji sunan Ƙanƙara ne a daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana shida. Abin da bai shiga labarai ba ya fi wannan yawa: ɗauki ɗai-ɗai a gona, kwanan daji, harajin noma, garuruwan da suka tashi suka bar rumbuna. A 2021 gwamnatin jihar Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da kasuwannin dabbobi, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu ukun nan, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Matakan tsaro ne, kuma na san dalilinsu. Amma ga dillalin shanu a Sheme, da mai sayar da katin waya, da direban da ke lodi a tasha, ma'anarsu ita ce a wayi gari ba sana'a.

Wani ƙiyasi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa a yankunan da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kama daga ciwon damuwa da fargaba zuwa masu tsanani. Idan ana maganar nan a wajenmu, tsoro aka fi ambata, kuma gaskiya ne akwai shi. Na ga yaran da ƙarar babur ke sa su fitsari a tsaye. Sai dai akwai wani rauni da ke daɗewa bayan tsoro ya lafa, shi ne yadda mutum ya koma yana kallon kansa.

Akwai wani dattijo daga wani ƙauye yamma da mu, irin manoman nan da a kaka ake yini ana jido masararsu a amalanke. Ɓarayin daji suka ɗauki ɗansa da matar ɗan. Ya sayar da shanun huɗa, ya sayar da hatsin rumbu, da kuɗin ba su kai ba ya jinginar da fadamarsa, daga baya jingina ta zama sayarwa. Aka haɗa da babur kamar yadda suka nema, mutanensa suka dawo da rai, kowa ya zo barka. Ba a jima ba ƙauyen ya tashi gaba ɗaya, ya shigo gari, aka ba shi aron ɗaki biyu a gidan ɗan ƙanensa.

Ranar da ya zo wurina, ina ɗaura masa abin awon jini sai na hangi wata 'yar takarda a naɗe cikin tafin hannunsa, ya damƙe ta don kar in gani. Katin karɓar tallafin abinci ne. Na ce, "Baba, ai yau ake rabo, ba ka je ba?" Ya yi shiru yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Ɗan nan, ni fa da hannuna nake auna zakka, in aika gidajen mutane da dare don kar a gani. Yanzu ni zan je in tsaya a layi, a kira sunana da lasifika?" Jikansa ya aika. Daga baya na ji cewa tun da ya shigo gari bai taɓa zama a majalisar ƙofar masallaci ba, ana sallame salla zai sulale. A gida kuwa, in aka kawo masa ƙarar yara, sai ya ce a kai wa masu gida. Yana samun abin da zai ci, yana kwana inda ba a jin harbi, amma a wajensa mutumin da yake da an gama da shi.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan abu. Tun a 1890 wani Ba'amurke, William James, ya ce ƙimar da mutum ke ba kansa tana fitowa ne daga auna abin da ya cim ma da abin da ya ɗora wa ransa cewa shi ne shi. Wanda bai taɓa ɗaukar kansa manomi ba, gonarsa in ta ƙi bai damu ba. Wanda kuwa noma ne sunansa, rasa gona rasa suna ne. A 1965 wani kuma, Morris Rosenberg, ya tsara jimloli goma ya gwada su a kan ɗalibai sama da 5,000 a jihar New York, kuma har gobe da su aka fi auna wannan abu a duniya. Tambayoyin masu sauƙi ne. Shin kana ganin kai ma mutum ne daidai da kowa? Shin wani lokaci kana jin ba ka da wani amfani? Abin lura, babu inda aka tambayi mutum ko ya fi wasu. Ana neman a san ko yana jin ya isa a kira shi mutum ne kawai.

Mu a nan ba da lacca ake gina wannan jin ba, da aiki ake gina shi. A tsarin gandu, wanda Polly Hill ta yi bayaninsa dalla-dalla a littafinta na 1972 kan Batagarawa, saurayi yana yi wa gidan ubansa noma, amma ana yanka masa gayauna, 'yar gonarsa ta kansa. Abin da ya noma a ciki nasa ne, ya sayar ya ɗinka rigar salla, ya yi wa budurwarsa toshi. Ranar da yaro ya fara riƙe kuɗin gyaɗar gayaunarsa, tafiyarsa ma canzawa take yi. Yarinya ana ba ta 'yar akuya. Matar aure tana da ƙuli-ƙulinta ko daddawarta, tana zubin adashi, ranar bikin ƙawarta ta fito da gudummawa ba tare da ta roƙi miji ba. Dattijo yana da rumbu da baƙi da sulhun da yake yi tsakanin mutane. Jerome Barkow, wanda ya zauna a Maraɗi ya yi rubutu a 1975 kan hanyoyin da mutanen garin ke bi su sami girma a idon jama'a da ƙima a idon kansu, ya taɓo wannan gaɓa. Kowace al'umma tana da matakalar da ta kafa wa 'ya'yanta. Tamu a karkara ta jingina da gona da dabba da kasuwa, kuma waɗannan ukun ne daidai abin da 'yan bindiga suka kai wa hari.

To me ya haɗa wannan da ciwo? An daɗe ana gardama ko ciwon damuwa ne ke sa mutum ya raina kansa, ko raina kai ne ke jawo ciwon. A 2013 wasu masana biyu, Julia Sowislo da Ulrich Orth, suka tattara bincike sama da 70 waɗanda aka bi mutane tsawon lokaci, suka gano abin yana tafiya ta ɓangarorin biyu, amma raina kai ya fi yawan riga ciwon zuwa. A asibiti ina ganin yadda zaren yake. Mutum ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da amfani, sai ya janye daga mutane. Da ya janye, ba mai kawo masa labari ko shawara ko 'yar harka. Ya zauna shi kaɗai da tunani, dare ya yi barci ya ƙi zuwa, safiya ta yi jiki ya mutu, ɗan aikin da zai iya ma ya gagara. Sai ya dubi kansa ya ce, ka gani ko, dama na faɗa. Daga nan ciwon kai da nauyin ƙirji suke kawo shi wurinmu, don a al'adarmu namiji ya ce kaina ke ciwo ya fi masa sauƙi da ya ce zuciyata ta karye.

Wasu masu bincike a Landan, George Brown da Tirril Harris, sun shafe shekaru suna tambayar mata abubuwan da suka same su kafin ciwon damuwa ya kama su. Suka gano ba duk rashi ne ke kayar da mutum daidai ba. Rashin da ya zo da wulaƙanci, ko da jin an shiga tarkon da ba mafita, shi ya fi kayarwa. Wannan na fahimce shi sarai. Mutumin da ambaliya ta cinye masa gona yakan ce ikon Allah, ya kakkaɓe riga, baɗi ya sake shuka. Amma wanda yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya mare shi gaban iyalinsa, ya sa shi durƙuso, ya kuma karɓi haraji kafin ya bar shi ya girbe abin da ya shuka da guminsa, wannan ko an mayar masa da dukiyarsa akwai abin da ba a mayar ba.

Zaman banza ma nasa ciwon daban. A wani ƙauye na ƙasar Ostiriya mai suna Marienthal, masaƙar da ke ciyar da garin ta rufe wajen 1930, sai Marie Jahoda da abokan aikinta suka je suka zauna da mutanen. Ana ba su ɗan tallafi, ba su mutu da yunwa ba. Amma mazan sun rage aron littafi a ɗakin karatu duk da lokaci ya yi musu yawa, har tafiyarsu a titi ta koma a hankali. Matan sun fi riƙe kansu, saboda girki da wanki da yara ba su rufe tare da masaƙa ba. Haka nake gani a gidajen 'yan gudun hijira a nan. Uwa tana tashi da asuba ta hura wuta ko da ruwan zafi za ta dafa. Maigida ne ke zaune a gindin katanga bai san ranar mako ba.

Kar wannan ya sa a ɗauka mata sun tsira. Nasu raunin ya fi zurfi, kuma mu ne muke ƙarasa shi. Wata matashiya da ta yi makonni a hannun ɓarayi, an kawo ta wurina saboda ta daina cin abinci. Uwarta ce ta rako ta, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mata mayafi. Yarinyar ba ta ɗaga kai ba, sai murza bakin zanenta take yi. Da na nemi uwar ta ba mu wuri, na kira abokiyar aikina mace ta zauna da ita, abin da ta faɗa bai shafi daji ba ko kaɗan. Ta ce da ta shiga gidan suna mata suka yi tsit. Ta ce kishiyarta ba ta taɓa gaya mata baƙar magana ba, amma ta daina barin 'ya'yanta su ci a kwanonta. Mijin kuma bai tambaye ta komai ba, bai kuma sake shiga ɗakinta ba. Ta ce wa abokiyar aikina, "Yaya, da ma can suka bar ni."

Muna da karin maganar nan da ke cewa mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. An yi ta ne don jan kunnen mai shirin aikata abin kunya da ganganci, kuma a can ta yi daidai. Amma mun ɗauke ta mun ɗora wa waɗanda aka zalunta, kuma wannan zalunci ne na biyu. Wadda aka ɗauka da bakin bindiga ba ta zubar da komai ba. Wanda ya ɗauke ta ne ya zubar da nasa. Ina so in ji limamanmu sun faɗi wannan a huɗubar Juma'a ƙarara, ba a dunƙule ba, domin maganar liman guda ɗaya tana isa inda allurata ba ta isa.

Na san abin da wani mai karatu zai ce, don an sha faɗa mini. Wai duk wannan zancen sanin darajar kai ai girman kai ne aka sake wa riga, kuma addini ya hana. Wanda ya yi karatun zaure ya san tun a farkon Ahalari an lissafa kibri da ujubu da riya da ganin fifiko a kan wani cikin abubuwan da aka haramta. Gaskiya ne. Sai dai abubuwan biyu ba su haɗa hanya ba. Mai girman kai kullum cikin awo yake, yana duba wa ya gaishe shi, wa bai tashi ba da ya shigo, wa aka fara ba lasifika. Wanda ya san darajar kansa yakan iya zama a bayan sahu hankalinsa kwance. Yakan ce ban sani ba, yakan ce na yi kuskure ku yafe ni, yakan ci bashi ya biya ba tare da ya ɓuya ba, in an yabi wani a gabansa cikinsa ba ya murɗawa. Tawali'u ma sai mai ƙima ke iya shi. Wanda ke ganin kansa ba komai ba, in ya sunkuyar da kai karaya ce.

Turawa ma sun yi wannan ruɗanin, ta ɗaya gefen. A 1986 jihar Kaliforniya ta kafa kwamiti na musamman don ɗaga ƙimar kai a zukatan jama'a, da zaton hakan zai rage faɗuwa jarrabawa da shaye-shaye da laifuka. Makarantu suka shiga zuba wa yara yabo ko sun yi abin yabo ko ba su yi ba. A 2003 Roy Baumeister da abokansa suka bi diddigin binciken da aka tara, suka ce yabon banza ba ya sa yaro ya iya karatu, iya karatun ne ya fi sa yaro ya yarda da kansa. Abin da ya tabbata shi ne masu ƙimar kai sun fi samun natsuwa, sun kuma fi sake yunƙurawa bayan faɗuwa. Shi dai Baumeister ɗin ya riga ya nuna a 1996 cewa masu saurin zubar da jini galibi ba masu raina kansu ba ne, masu kumburarren ganin kai ne da ba ya jure taɓawa.

Duk lokacin da na ga hotunan yaran daji a TikTok suna baza bandir-bandir na kuɗi, bindiga a kafaɗa, wannan binciken nake tunawa. Da yawansu sun taso ba makaranta, ba asibiti, an sace shanun iyayensu, ana kiran su da sunan raini a kasuwa. Wannan ba uzuri ba ne, don dubban 'yan'uwansu Fulani sun sha irin wannan ko fiye, ba su ɗauki makami ba, su ma yau gudun hijira suke yi. Amma yana nuna inda yunwar a san da kai take kai mutum in ba ta sami halastacciyar hanya ba. Girman da sai an ɗora wa wani bindiga a ka yake samuwa, mai shi ba ya barci, shi ya sa ƙwaya ba ta rabuwa da aljihunsa.

Tambayar da ta rage ita ce a kan me mutum zai kafa ƙimarsa, tunda mun ga gona da shanu ana iya kora su daji a dare ɗaya. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Dukiya ba ta ciki, sarauta ba ta ciki. Addini kuma ya kafa tushen da ya fi wannan zurfi, don a Suratul Isra'i an bayyana karramawar da Allah ya yi wa ɗan Adam, ba a kuma gindaya sharaɗin rumbu ba. Sai dai in na tsaya a nan na yi wa'azi ne kawai. Mutum ba ya riƙe imani da darajarsa shi kaɗai a cikin ɗaki. Dubi jerin nan da kyau: amana sai an ba ka ajiya, adalci sai an kawo maka shari'a, hikima sai an tambaye ka, karamci sai kana da abin miƙawa ko da goro ne. Dattijon nan nawa yana da duka goman a cikinsa, amma ba wanda ya sake neman ko ɗaya.

Abin da ya taimake shi ƙarami ne. Na yi magana da ɗan ƙanen nasa, wanda ke ganin ya gama komai tunda yana ciyarwa. Yana da wata gona kusa da gari da ya ba 'yan ƙwadago, masara na ta ƙin yi. Ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, gonar nan ta gagare ni, ka zo ka duba mana." Tsohon ya je, ya ɗebi ƙasa ya murza a hannu, ya yi faɗa kan yadda aka yi huɗa da lokacin da aka zuba taki, faɗa sosai. A daminar nan shi ya riƙe gonar. Ban ce ya warke sarai ba, jininsa har yanzu sai da magani, kuma fadamarsa ba ta dawo ba. Amma ya koma zama a ƙofar masallaci, kuma an ce har an fara kawo masa rikicin iyakar gona.

Shi ya sa nake da ƙorafi kan yadda ake rabon tallafi. Abincin ana buƙatarsa, Allah ya saka wa masu kawowa. Amma mene ne amfanin tara magidanta a rana, a ɗora wa kowa buhu a ka, a ce ya kalli kyamara? Mai unguwa ya san gidan kowa. A kai da yamma, a yi sallama, a ajiye. In da hali a haɗa da iri da taki da aron fili, ko tunkiyar kiwo, ko jarin ƙuli-ƙuli, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A kuma sa su cikin kwamitin rabon, su riƙe littafi, su auna da hannunsu. Daga fadar Kanwan Katsina zuwa ƙaramin mai unguwa, wannan abu ne da sarakunanmu za su iya tsayawa a kai ba tare da jiran kasafin kuɗi ba.

Ba sabon ilmi ba ne. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna shan magani suna kuma shiga harkokin gari, maimakon a kulle su. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa, su taimaka musu su zaɓi matsala ɗaya su fara warware ta, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna abin yana aiki. Muna da irin waɗannan tsofaffin a kowace unguwa, ungozomomi da malaman Islamiyya da gwaggonnin da kowa ke kai wa kuka. Horo kaɗan suke buƙata, da koyon riƙe sirri, wanda shi ne ya fi wuya a ƙaramin gari.

Iyaye da malaman makaranta kuma, yaron da ya taso yana ganin ubansa a durƙushe ba ya buƙatar a ƙara masa da jaki da daƙiƙi da ba ka da amfani. A tsawata a kan abin da ya yi, a bar shi da sunansa. A ba shi wani abu da zai ce nawa ne, ko kaza guda ce.

Akwai inda duk wannan ba ya isa. Malamin nan na Balkh, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus cewa baƙin ciki iri biyu ne, wanda aka san sanadinsa da wanda ke sauka ba dalili, kuma na biyun yana buƙatar maganin jiki. Malami ne Musulmi, fiye da shekara dubu da suka wuce, bai kuma ce wa masu ciwon sun rasa tawakkali ba. Mu daina faɗa musu haka, don wanda ya riga ya yanke cewa ba shi da amfani, in ka ƙara masa da cewa imaninsa ma ya yi rauni, ka rufe masa ƙofa ta ƙarshe. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Duk da haka akwai inda za a je: asibitin koyarwa na tarayya a Katsina, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano, kuma daga babban asibitin Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi ana iya rubuta takardar turawa.

Idan wani naka ya haura mako biyu ba ya barci, ba ya ci, ya daina abin da ya saba, kada ka jira ya fara surutai kafin ka ce ciwo ne. Idan kuwa ka ji ya ce gara ma ya mutu, ko ya fara rabon 'yan kayansa yana neman gafara ba dalili, kada ka ce wasa yake, kada kuma ka yi masa faɗa. Ka tambaye shi kai tsaye abin da ke ransa, tambayar ba ta cutarwa. Ka kwashe maganin feshi daga ɗakin, ka sa wani ya kwana tare da shi, gari na wayewa ku kama hanyar asibiti.